Ranar da Inna Fatu Ta Shiƙe Duniyoyi

Duk wanda ya san Inna Fatu ya san ba ta iya ganin aiki a kwance ta wuce. Ko gidan biki ta je, kafin a kawo mata ruwa za ka tarar ta karɓe tsintsiya daga hannun masu gida. Shekara biyu ke nan da ta baro ƙauyensu na bayan Kurawa, tun da zaman daji ya gagara, ta dawo Sabon Birni ita da autarta Radiyya, suka samu ɗaki biyu a gidan wani ƙanen marigayi mijinta. Gari ya ba ta barci mai daɗi, amma ya hana ta aiki. Ba gona, ba rumbu, sai 'yar tsakar gida da ba ta wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, wadda take sharewa sau uku a rana har ƙasar ta fara yin rami.

Ita kuwa Radiyya tana shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai a Sakkwato, an turo ta gida ta yi gwajin koyarwa a makarantar 'yan mata. Ka'idar ita ce malamin kwaleji ya zo sau uku, ya zauna a bayan aji, ya ga yadda take koyarwa, ya ba ta maki. To amma hanya ba ta da daɗi, ba kowa ke son hawanta ba. Sai aka aiko cewa zai zo sau ɗaya tak, ranar kasuwa da motoci ke tafiya a jere, ya duba ɗaliban da ke Sabon Birni da hantsi, ya wuce Isa kafin la'asar. Darasi ɗaya, minti arba'in. In ta ci, takardar malanta ta samu. In ta faɗi, sai ta maimaita shekara. Inna Fatu ba ta san abin da ake rubutawa a waɗannan takardu ba, amma wannan lissafin ta haddace shi kamar sunanta.

Ana gobe baƙo zai zo, da yamma, Radiyya ta sauka daga babur da rabin buhu, ta ja shi har ƙuryar ɗaki.

"Inna, wanga buhu kar a taɓa shi," in ji ta. "Gero na, daga Unguwar Lalle anka samo mani da ƙyar. Gobe za ni da shi makaranta, gaban baƙon za ni buɗe shi."

"To," in ji Inna Fatu.

Wannan "to" ta gaskiya ce a lokacin da aka faɗe ta. Da gari ya waye Radiyya ta yi sammako don ta share aji ta yi zane a allo, ta ce da hantsi za ta dawo ta ɗauki buhun. Inna Fatu ta share tsakar gida. Ta wanke kwanoni biyun da suka ci tuwo. Ta sake share tsakar gida. Sannan ta ce bari dai ta leƙa ta ga wane irin gero ne mutanen Unguwar Lalle ke nomawa yanzu, ai gani ba taɓawa ba ne.

Tana kwance bakin buhun ta yi salati. An sussuka geron, amma ko sau ɗaya ba a shiƙe shi ba. Ƙaiƙayi ya fi tsaba yawa, ga guntayen kara, ga tsakuwa. Wannan ne za a buɗe a gaban baƙo daga Sakkwato? A ƙauyensu akwai wata mata da ta taɓa kai gudummawar biki da hatsi mai ƙaiƙayi, har ta koma ga Allah ba wanda ya ƙara kiranta da sunan yanka, sai Ta-Ƙaiƙayi, jikokinta ma da haka ake kwatance da su. Mutum ba zai ce ɗiyar ba ta iya ba, cewa zai yi uwar ba ta koya mata ba. Inna Fatu ta girgiza kai. Boko ya cika kan yarinyar nan har ya ture hankalin gida. Kuma ai don kar ta wahalar da tsohuwa ne ta ce kar a taɓa, yarinya ce mai tausayi.

Ta ɗauki ƙwarya biyu da faifai, ta ja buhun zuwa filin bayan gida. Iskar bazara tana kaɗawa daidai yadda mai shiƙa ke so, ba ƙarfi ba sanyi. Ta ba iskar gefen jikinta, ta ɗaga ƙwarya sama da kanta, ta karkata ta a hankali. Tsaba ta zubo shar a gaban ƙafafunta, ƙaiƙayi ya tashi ya yi can gaba ya sauka. Rabon da ta ji daɗi irin wannan tun suna ƙauye. Kafaɗunta suka tuna aikinsu, har ta kama kanta tana waƙa a ciki-ciki. Da ta gama ta zauna ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, gero ya fito tas kamar an wanke shi.

Maƙwabcinsu Wada yana gefe yana kwaɓa ƙasa zai yi wa katangarsa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ya hango tarin ƙaiƙayin ya ce, "Inna, wanga in ba ki so ki ba ni in sa ma ƙasa."

"Kwashe dut, ɗana. Mi za ni yi da shi?"

Ya kwashe, ya zuba a kwaɓin, ya hau tattakawa.

Da hantsi Radiyya ta shigo da sauri, ta bar mai babur yana jira a ƙofa. Inna Fatu tana zaune kusa da buhun, ta ɗaure bakinsa da sabuwar igiya, tana ta ƙoƙarin ɓoye murmushi. Radiyya ta ɗaga buhun, ta ji ya ragu, ta kwance, ta tura hannu. Sai ta tsaya haka nan, hannunta a cikin gero.

"Inna, mi kinka yi?"

"Gyara shi niy yi. Da haka za ki kai shi gaban mutane?"

"Ina ƙaiƙayin?"

"Wada ya sa ma ƙasa."

Radiyya ba ta ɗaga murya ba, ba a yi mata tarbiyyar haka ba. Zama ta yi a bakin gado, sabon hijabinta da ta goge tun jiya yana jan ƙasa.

"Inna, ƙaiƙayin shi na darasin," ta ce a hankali. "Duniyoyin da ka zagaya rana za ni koya musu. Na kusa da rana, irin tamu, ƙanana na, amma dutse da ƙarhe na, a danƙare suke. Na nesa, su Mushtari da Zuhal da Baba ka hwaɗi cikin littahinai, manya na ƙwarai, amma mahi yawansu iska ta. Sati biyu ina hwaɗa musu da baki, sun kasa ganewa, wurinsu dut abin da yaf hi girma shi af hi danƙarewa. Shi na nic ce bari in shiƙa gero gabansu su gani da ido. Aikinki na tuna, Inna, sannan dabarar taz zo mani."

Mai babur ya danna hon a waje. Radiyya ta miƙe, ta ɗaure buhun, ta dube ta ta yi wani ɗan murmushi da bai kai ido ba.

"Ba komi, Inna. Za ni zana musu ga allo."

Da ma faɗa ta yi mata, da ya fi sauƙi. Wannan "ba komi" ta fi mari zafi a wurin Inna Fatu. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki, da haushin hannayenta. Ashe yarinyar ba raina aikin gida ta yi ba, ɗaukarsa ta yi za ta kai shi gaban malamai, ita kuma uwar ta bi ta ɓata. Ta fita bayan gida ko za ta samu saura, ta tarar Wada ya riga ya shafe rabin katanga, ƙaiƙayin yana leƙowa daga cikin laka.

A wannan lokaci na shekara wa ke da geron da ba a shiƙe ba a cikin gari? Kowa awo yake yi a kasuwa. Ta dawo ɗaki tana juya hannu, sai idonta ya sauka a kan ƙunshin da ke rataye a jikin azara. Zangarniyar iri ce, wadda ta zaɓa da hannunta a kakar ƙarshe da suka yi a gonarsu, ita kaɗai ta ɗauko ranar da suka taso, bayan tufafi da allon mijinta. Ta bar ta a zangarniya don kar ƙwari su ci, tana jiran ranar da za a koma. Ta ɗan tsaya tana kallonta. Sannan ta taka turmi ta sauko da ita.

Ba ta taɓa sussuka da sauri irin na ranar ba. Ta juye komai a ƙwarya, tsaba da ƙaiƙayi a haɗe, ta ɗora ɗayar ƙwaryar a kai, ta sa tiyar awonta a ciki, ta yafa mayafi, ta kama hanya a ƙafa. Ba ta taɓa shiga makarantar boko ba a rayuwarta, ko ranar da aka sa Radiyya ubanta ne ya kai ta. Mai gadi ya tare ta a ƙofa ya ce ba a talla a ciki.

"Ba talla ba na. Kayan aikin Malama Radiyya na," in ji ta, da muryar da ba ta san tana da ita ba. Ya matsa, har da nuna mata ajin.

Ta tsaya a jikin taga. Radiyya tana gaban allo, ta zana rana da ƙwallaye takwas a jere, huɗu ƙanana, huɗu manya. Tana bayani, muryarta na rawa. In ta tambaya ko sun gane, 'yan mata arba'in su amsa baki ɗaya cewa sun gane, irin amsar da ko kurma ya ji ya san ba gaskiya ba ce. A bayan aji wani dattijo mai farin gilashi yana zaune da takarda a cinya. Shi ne Malam Jamaluddeen, baƙon da ake ta jira. Inna Fatu ta ga ya duba agogonsa, ya ɗan rubuta wani abu, ya sake duba agogon. Ba sai an karanta mata ba, ta san fuskar mai sayen da ya riga ya fasa ciniki.

Ta zagaya ƙofa ta yi sallama.

Radiyya ta juyo, ta ga uwarta, ta ga ƙwaryar, ta ga ƙaiƙayin da ya manne a mayafinta. Ta san babu inda za a samu wannan geron sai wuri ɗaya. Ta juya wajen baƙon ta ce, "Malam, mahaihiyata ta. In ka yarda, sauran darasin waje za mu yi shi."

Malam Jamaluddeen ya miƙe ya gaida Inna Fatu da ladabi, ya ce minti ashirin ya rage, malama ta yi yadda ta ga dama da su.

Aka fita fili, 'yan mata suka yi da'ira, aka shimfiɗa buhu a ƙasa. Radiyya ta karɓi ƙwaryar ta ɗaga, ta manta ba ta duba inda iska ke fitowa ba. Tana karkatawa ƙaiƙayi ya dawo mata a fuska, ta hau atishawa. Wata yarinya mai suna Mu'minatu, wadda da gani ita ce bakin ajin, ta ce, "Ƙaiƙayi koma kan mashiƙiya!" Dariya ta ɓarke, har baƙon sai da ya rufe baki da takardarsa.

"Kawo nan," in ji Inna Fatu. "Ke yi maganarki."

Ta gyara tsayuwa, ta jira iska, ta ɗaga ƙwarya. Radiyya ta share fuska, kuma abin mamaki, dariyar nan ta kwance mata murya.

"Ku ɗauka Inna ita ta rana," ta ce. "Abin da ac cikin ƙwarya shi na ƙura da iskar da Allah Ya halicci duniyoyi da su, dut a gauraye. Ku duba da kyau. Mi ka hwaɗuwa kusa da ita?"

"Tsaba!"

"Mi ka tahiya nesa?"

"Ƙaiƙayi!"

"Don mi?"

"Ba shi da nauyi!"

Wannan karon amsar daban take, kowace da nata lokacin, wasu har suna nunawa da yatsa. Radiyya ta bi ta bayyana musu cewa misali ba ya taɓa cika, can ba iska kaɗai ta yi aikin ba, zafi ne kan gaba. Kusa da rana zafi ya yi yawa, babu abin da ke iya dunƙulewa sai dutse da ƙarfe, da su aka yi duniyarmu da Zara matar wata da 'yan'uwansu biyu. Abubuwa marasa nauyi suka kasa zama a wurin, abin da ya rage kuma hucin rana ya kore shi. Can nesa inda ake sanyi sai ƙanƙara ta taru, dunƙulen ya yi girma har ya riƙa jawo iska yana tarawa a jikinsa, shi ya sa su Mushtari suka kumbura haka.

Sai ta ɗauki tiyar Inna ta cika da tsaba, ta sa aka zagaya da ita hannu zuwa hannu. Ta juye, ta cika ta da ƙaiƙayi, aka sake zagayawa. Tiya ɗaya, cika ɗaya, amma ta biyun kamar ba ka riƙe komai ba. Ta ce da za a iya auna duniyoyi da tiya, sai an haɗa wajen tiya huɗu na Mushtari kafin su kai nauyin tiya ɗaya ta duniyarmu. Zuhal kuwa ko nauyin tiyar ruwa tasa ba ta kai ba.

Malam Jamaluddeen ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Ina da tambaya ga aji. Ke nan in an ɗora duniyarmu da Mushtari ga sikeli, tamu za ta rinjaya?"

"Eh!" in ji Mu'minatu da wasu da yawa. Wasu suka juya suna kallon malamarsu. Radiyya ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata. Inna Fatu ta san nan ne wurin da za a ci ko a faɗi. Sai ta ji baƙon ya juyo gare ta.

"Inna, ke ma kin zauna darasin. Mi kinka gani?"

Ita da ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba? Amma tambayar ba ta yi mata kama da ta boko ba, ta yi kama da abin da kowace mace ta sani a masussuka.

"Malam, ni ban san Mushtari ba, sai dai suna," ta ce. "Amma ta ce ƙato na ƙwarai. In ka tara ƙaiƙayi ya kai tsawon wagga makaranta, ko jakki goma ba su ɗaukar shi, ni ko tiyar gero da hannu guda nika ɗaga ta. Tarin ya hi nauyi don ya hi yawa. Amma ɗebo tiya can, ɗebo tiya nan, gero shi ka rinjaye. In dai haka tac ce, to shi ƙaton ya hi nauyi, tamu ta hi danƙarewa."

"Haka na!" Mu'minatu ta yi tsalle, ta manta ita ce ta fara ba da amsar kuskure. "Shi tari na, tamu tiya ta!"

Radiyya ta ƙara musu da cewa Mushtari zai haɗiye irin duniyarmu fiye da dubu, amma nauyinsa ɗari uku da 'yan kai ne kawai na tamu. Malam Jamaluddeen ya zaɓi yara uku daga baya, irin waɗanda ke ɓuya a bayan 'yan'uwansu, ya juya tambayar ta fuska uku. Duka suka amsa, ɗaya ma da misalin buhun auduga da buhun gishiri da babanta ke kaiwa Nijar. Ana cikin haka aka kaɗa ƙararrawa.

Ba wadda ta gudu. Radiyya ta gaya musu geron nan iri ne, sai ga 'yan mata arba'in a durƙushe suna tsince ƙwayoyin da suka fantsama a cikin rairayi, suna zubawa a ƙwarya. Inna Fatu tana tsaye tana cewa su bari haka nan, ba wadda ta saurare ta.

Baƙon ya koma gindin bishiya ya daɗe yana rubutu. Sannan ya kira Radiyya, ya miƙa mata takardar da biro, ya nuna mata inda za ta sa hannu. Inna Fatu ta matso kaɗan. Layukan da ke takardar ba su ce mata komai ba, don haka fuskar ɗiyarta ta karanta. Ta ga idon Radiyya ya sauka ƙasan shafin, ya tsaya, ya koma sama, ya sake saukowa kamar mai tsoron an yi kuskure.

"Sa hannu, malama, mota na jirana," in ji Malam Jamaluddeen. "Ba ni ba da irin wanga maki sau biyu a shekara." Ya dubi Inna Fatu ya ce, "Inna, ɗiyarki ta zama malama. Sauran sai addu'a."

Radiyya ta sa hannu. Inna Fatu ta tsaya da ƙwarya a hannu, hawaye na bin kumatunta, ba ta ko yi ƙoƙarin sharewa ba. Mu'minatu ta zo da 'yar tsabar da ta tsinto a tafin hannu, ta ɗaga kai ta gan ta.

"Inna, ƙaiƙayi ya shiga maki ido? Kawo in hure maki."

"A'a, ɗiyata," in ji Inna Fatu. "Kuka nika yi. Bar ni in yi abina, na daɗe ban yi na murna ba."